Sunan da Alhaji Mudi Bai Furta Ba

Daminar 1989 ta sauka da wuri a ƙasar Funtua da Malumfashi. Masara ta kai gwiwa, ta fara rawaya don yunwar taki. Bakori sun karɓi nasu, Ƙarfi sun karɓi nasu. Rafin Kanya, wani ƙauye a bayan Gozaki, su kaɗai ne sitonsu yake wayam, ba komai ciki sai ɓeraye da warin takin bara.

Liatu Bitrus aka turo ta duba, don ita ta haɗa na'urorin tun farko. 'Yar Malumfashi ce, ta yi karatu a Zariya, mace mai ƙaramar murya wadda ko a coci in ana waƙa ba a jin ta. Kamfanin Damina mai raba taki ya ɗauke ta ne bayan ta'asar da aka yi masa bara, lokacin da aka riƙa kawo takardun bogi, ana kwaikwayon muryar masu sito a oba-oba, wato rediyon da ake magana da shi, motocin taki suna fita daga Funtua suna ɓacewa a hanya. Manaja ya rantse ba motar da za ta sake fita da takarda ko da murya.

Abin da Liatu ta gina shi ne wannan. Fayilolin kamfani duka suna zaune a Funtua, cikin babbar na'urar da ma'aikata suke kira Uwa. Kowane sito yana da ƙaramar kwamfuta da eriya, ta oba-oba take magana da Uwa. Liatu takan ce wa masu sito su ɗauke shi kamar rumbu ɗaya mai ƙofa a kowane gari. Mutum ya buga sunansa da kalmar sirrinsa, Uwa ta ba shi izini, ya shiga ya ajiye buƙatar garinsa, a loda mota. Ko'ina abin ya tafi daidai. A Rafin Kanya kuwa kullum Uwa sai ta kori mai sito daga bakin ƙofa.

Ranar kasuwa suka iso. Tun daga nesa Aƙilu direba ya rage gudu.

"Malama, waɗannan ba cin kasuwa suka zo ba," in ji shi.

Maza ne cike da filin gaban sito, kowa da abin hannunsa, fartanya, gora, lauje. Ba mai magana da ƙarfi. Aƙilu ya zagaya da Landiroba ta bayan gini, inda janareta take.

Alhaji Mudi ya buɗe musu ƙaramar ƙofar baya. Tsoho ne siriri, da haƙorin Makka ɗaya, ya riƙe siton nan tun ana auna auduga a cikinsa. Idanunsa sun faɗa.

"Sannu da hanya, 'yata. Cewa suke na sayar da rabonsu ga 'yan kasuwar Funtua. Ni da ko buhu ban gani ba."

"Yau za a gyara, Baba. Nuna min yadda kake yi kullum."

Aƙilu ya tayar da janareta. Fuskar kwamfutar ta yi kore, ta nemi a gaya mata lokaci, kamar yadda take yi duk sanda aka kunna ta. Alhaji ya ja hannun rigarsa, ya duba agogo, ya buga da yatsa ɗaya.

"Baba, ƙarfe nawa ka buga?"

"Ɗaya da kwata."

"Ai ko sha biyu ba ta yi ba."

"A nan ba. A Makka ta yi." Ya shafa gilashin agogon da babban yatsa. "Tun da na dawo bara ban taɓa shi ba. Agogon da ya yi ɗawafi, ni zan mayar da shi baya? In zan yi salla sai in cire awa biyu a kaina. Ke kuma kika ce in duba agogo in buga abin da na gani."

Liatu ta dafe baki. Haka ta ce masa, kalma da kalma. Kuma ita ta tsara cewa kowane izini ya ɗauki lokaci, don kada ɓarawo ya naɗi saƙon wani a iska ya sake turawa daga baya. In lokacin sito ya saɓa da na Funtua, Uwa ɗauka take saƙon sata ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ta duba nata agogon da ta saita a ofis da safe, ta gyara lokacin, ta buga sunansa.

"Saura kalmarka, Baba."

Ta kau da kai, yadda ta koya musu duka. Alhaji ya ɗaga yatsa.

Dutse ya shigo ta taga ya fasa masa kunne.

Ƙarar janareta ce ta tayar da su. Sun ji inji, sun ga mota, wani ya ce ga masu sayen takin nan sun zo a ƙarasa cin amana. Ƙofar gaba ta kwano ce, sara uku na gatari ta buɗe. Wanda ya fara shigowa Maitama ne, mahauci kuma ɗan tauri, mai gona mafi girma a bakin rafi, barandami a hannunsa, layu a damtsensa. Bai ko dubi Liatu ba. Ya cafki wuyan rigar Alhaji ya fizge shi daga kan kujera, ya ja shi a ƙasa kamar akuyar da za a yanka.

"Ku tsaya! Don Allah ku saurara!" Aƙilu ya tare ƙofa da hannu biyu. Ƙotar fartanya ta sauka a tsakiyar kansa. Ya durƙusa, jini ya rufe masa fuska, suka bi ta kansa suka fita.

Liatu ta tsinci kanta a ƙarƙashin tebur ba ta san sanda ta shiga ba. Daga waje tana jin ƙarar gora a jikin mutum, tim, tim, irin ta sussukar dawa, da muryar Alhaji yana salati. Ta rarrafo ta jawo bakin oba-oba.

"Funtua, Funtua, Rafin Kanya ce. Ku saki mota yanzu. Kashe shi za su yi!"

Mai kula da oba-oba a Funtua ya amsa cikin shaƙewar iska. "Manaja ya tafi Bakori, mai gadi kuma ba zai buɗe gareji ba sai izini ya fito daga Uwa. Ke kika tsara abin, Liatu. Ki shiga da kalmarki mana."

"Tawa ba ta neman taki. Tasa kaɗai."

"To zan nemi 'yan sanda."

Ta san hanyar da suka biyo, taɓo har gindin mota. Kafin ɗan sanda ya iso an gama. Ta ajiye bakin oba-oba, ta tsallake ƙafafun Aƙilu, ta fita.

Sun ɗaure Alhaji a jikin ƙarfen da ake rataya sikeli. Hularsa tana cikin taɓo, rigarsa ta rabe biyu. Hannunsa na hagu, wanda ya tare gora da shi, ya lanƙwashe a inda ba gaɓa. Maitama ya kwance na dama, ya shimfiɗa shi a kan dutsen awo.

"Wannan ne ya karɓi kuɗin? Wannan ne?"

"Wallahi, Maitama, ban…"

Maitama ya juya barandami ya sauke bayansa a kan yatsun. Liatu ta ji ƙarar, kamar an taka busasshen kara. Ya sake. Alhaji bai yi ihu ba, bakinsa kawai ya buɗe. Wata mata a gefen kasuwa ta kurma ihu a madadinsa.

"Ku bari," in ji Liatu. Ba wanda ya ji. "Ku bari!" Ko na kusa da ita bai waiwayo ba. A cikin masu gora ta hango Dattijo Mark, wanda suke coci ɗaya da babanta, yana haki, gemunsa da yawu. Suka haɗa ido, ya kau da nasa.

Ta koma da gudu bayan gini. An riga an farfasa gilashin Landiroba. Ta zura hannu ta taga, gilas ya yanke ta, ta danna ham ɗin motar ta ƙi saki. Ƙarar ta cika kasuwa, jakuna suka ɗauki kuka, awaki suka watse. Sai da ta ga kawuna sun zagayo ta saki.

Wani ya jefe ta da hoge ya same ta a gira. Ta share jinin da bayan hannu.

"Takinku yana Funtua," ta ce. "Ba a sayar ba. Na'ura ce ta ƙi, kuma na gyara. Ku kawo shi ciki ya buga kalmarsa, ku ji da kunnenku."

Maitama ya ratso mutane ya tsaya a gabanta. Warin jini da gumi ya buge ta. Ya kama ɗankwalinta tare da gashin ya ɗaga fuskarta sama.

"'Yar boko, kin san ni?"

"Na san masararka tana mutuwa."

Ya dube ta jim. Ya sake ta, ya sunkuya ya ɗauki jarkar fetur ɗin janareta, ya girgiza ya ji da saura.

"Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. In ƙarya kike, ke da shi da akwatin naku zan haɗa in cinna wa wuta. Ku kwanto shi."

Suka shigo da shi suka yar a gaban tebur. Sito ya cika har ƙofa, iska ta ƙare. Kwamfutar tana nan yadda aka bar ta, ɗan ɗigon haske yana ƙiftawa yana jiran kalma. Liatu ta durƙusa kusa da tsohon. Ta dubi hannayensa, ta san ba za su sake danna komai ba.

"Baba, faɗa min. Ni zan buga."

Ya buɗe idon da bai kumbura ba. Ya dube ta, ya dubi ƙafafun da suka kewaye shi, ya sunkuyar da kai.

"Ba na iyawa, 'yata."

"Ka manta ne?"

"Ban manta ba."

"Kun ji ko?" in ji Maitama. "Kun ji tsohon ɓarawo? Ya san in aka buɗe, asirinsa zai tonu." Ya kai masa ƙafa a haƙarƙari. Wani ya ƙara da gora a baya. Alhaji ya yi tari, jini ya biyo, ya ɓata gemunsa.

"Faɗi!"

Alhaji ya ƙara sunkuyar da kai.

"Faɗi, ko in fara da kunnuwa!" Maitama ya ɗora kaifin barandami a kan kunnen da dutse ya fasa, ya ja kaɗan. Jini ya gangaro wuya.

Liatu tana kallon fuskar tsohon, don kallo shi ne abin da ta iya tun tana yarinya. Mutumin da yake ɓoye sata yakan duba hagu da dama yana neman hanya. Alhaji ƙasa kawai yake duba, ya ɗan karkatar da kai, leɓɓansa a haɗe. Ta san wannan zaman. Haka mahaifiyarta take yi duk sanda baƙo ya tambaye ta sunan yayan Liatu, ɗanta na fari. Shekara talatin ba ta taɓa furta shi ba, sai dai ta ce yaron nan, ko ta ce wancan. Ko a gaban fasto ranar baftisma, goggo ce ta faɗa.

Ta matsa bakinta kusa da kunnensa mai lafiya.

"Baba, suna ne?"

Ya gyaɗa kai.

"Na fari?"

Ya rufe ido.

Ta gane dabararsa. Da ta ce musu kowa ya zaɓi kalmar da ba zai taɓa faɗa wa kowa ba, shi sai ya zaɓi wadda bakinsa ba zai iya fitarwa ba ko da ya so. Bugawa da yatsa ba furtawa ba ce.

Ta miƙe. "Sunan ɗansa na fari ne. Kunya ce ta hana shi."

Wani ya yi dariya a baya, dariyar da ba ta yi nisa ba. Gorori suka ɗan sauka. Kowa a ɗakin nan ya san abin, da mai salla da mai zuwa coci, kowa yana da sunan da ba ya kamawa.

"Bature!" murya ta fito daga ƙofa. "Bature tela da ke Kaduna!"

"Bature ne," wasu suka amsa.

Ta buga. Oba-oba ta yi kukanta irin na gyare, ta yi shiru. Layi ɗaya ya fito. Uwa ta ƙi.

"Ai laƙabi ne," in ji Dattijo Mark, karon farko da ya yi magana. "Sunan yanka Zubairu."

Ta buga Zubairu. Uwa ta ƙi.

Ta ɗago kai. "Saura sau ɗaya," ta ce. "In aka sake kuskure za ta kulle, sai gobe."

"Ba ku da gobe," in ji Maitama. Ya buɗe jarka ya tuttula fetur a kan Alhaji, a kan tebur, a kan zanen Liatu. Warin ya shaƙe ɗakin. Na kusa da ƙofa suka fara ja da baya. Ya laluba aljihu ya fito da ashana. "Wasa kuke da hankalinmu. Ba wani suna."

"Kai, Maitama, mayar da abin nan aljihu kafin in ci mutuncinka."

Wata tsohuwa ce take ratso maza da gwiwar hannu, tallan daddawarta har yanzu a ka. Inna Hajo, ungozomar garin.

"Ku matsa min, 'yan banza. Wane ne a cikinku ban yanke wa cibiya ba? Kai da ka fito da ƙafa, ka kusa kashe uwarka, yau kai ne mai wuta?" Ta sauke tallan a ƙasa, ta dubi abin da ya rage na Alhaji Mudi, ta kama haɓa. "Innalillahi. Mudi, haka suka yi maka?"

"Inna, ki fita," in ji Maitama, amma bai ƙyasta ba.

"Bature ba shi ne na fari ba. Akwai yarinya kafin shi. Har ta fara tafiya, ƙyanda ta ɗauke ta, shekarar da aka yi fara. Rabinku ba a haife ku ba. Ni na karɓe ta, ni na wanke ta."

Kafaɗun Alhaji suka fara rawa.

"To faɗi sunan mu ji," in ji wani.

"Ka ji ka yi me da shi? Uban yana kwance a nan." Ta kama wuyan Liatu ta jawo kanta ƙasa, ta sa baki a kunnenta. Numfashinta warin daddawa da goro. "Lauratu," ta raɗa.

Liatu ta share yatsunta a gefen zanen da fetur bai taɓa ba. Ta kare madannan da jikinta, ta buga harafi ɗaya-ɗaya. Ta danna.

Gyaren ya yi kuka, ya daɗe yana yi. Maitama ya zaro tsinken ashana ya riƙe a jikin kwalin. Sai fuskar kwamfutar ta share, sunayen fayiloli suka fara gangarowa, Bakori, Ƙarfi, Gozaki, Rafin Kanya. Ta buɗe na Rafin Kanya, ta ajiye buƙatar da Alhaji ya shirya tun farkon damina, ta rufe. Ta murɗa oba-oba zuwa murya, ta ƙure ƙarar.

"Rafin Kanya, Rafin Kanya, Funtua ce. Izini ya fito. Takinku yana nan cif, ba a taɓa ba. Ana buɗe gareji, mota za ta taso yanzu."

Ba wanda ya yi murna. Wani ya jingina gorarsa a bango a hankali, kamar ba tasa ba. Maitama ya dubi tsinken da ke hannunsa, ya dubi tsohon. Na bakin ƙofa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

"Ku ɗauke shi!" Wannan karon kowa ya ji muryar Liatu. "Asibitin Malumfashi. Ku ɗauke shi!"

Aƙilu ya farfaɗo, ya naɗe kansa da tsumman goge inji, ido ɗaya a rufe da jini, ya ce zai iya. Dattijo Mark da wasu mutum biyu suka kwantar da Alhaji a bayan Landiroba. Inna Hajo ta hau ta ɗora kansa a cinyarta. Da motar ta kafe a taɓon bakin kasuwa, hannayen da suka riƙe gora su suka tura ta.

Hanya ba ta da kyau. Kowane rami sai Alhaji ya yi nishi, kumfa ja ta fito gefen bakinsa. Liatu ta tallafe hannayensa a kan ɗankwalinta don kada su bugi ƙarfe. Gonaki suna wucewa hagu da dama, masara rawaya har iyakar gani.

Bayan sun haye rafi ya buɗe ido.

"'Yata."

"Na'am, Baba."

"Ta karɓa?"

"Ta karɓa. Mota tana hanya."

Ƙirjinsa yana ƙara kamar ana jan ruwa da tsinke.

"Wa ya ji?"

"Ni kaɗai. A kunne Inna ta faɗa min."

"Madalla," ya ce. "Allah ya yi miki albarka."

Inna Hajo ta fara karanta masa kalmar shahada, yana binta da leɓe. Liatu ba ta san abin da za ta yi da bakinta ba, sai ta yi tata addu'ar a zuci. Ana hango kwalta daga nesa, wata bas tana wucewa a kai, lokacin da Inna ta daina karatu. Ta sa tafin hannu ta shafe masa ido. Ta cire mayafinta ta rufe fuskar.

Inna ta ƙwanƙwasa bayan kujerar direba.

"Juya, ɗan nan. Gida za mu kai shi."

Aƙilu ya tsaya a tsakiyar hanya, ya kifa kai a kan sitiyari. Sannan ya sa giyar baya.

La'asar ta yi sanyi sanda suka shigo Rafin Kanya. Kasuwa ta watse, amma maza suna nan a gaban sito, sun wanke hannu, sun yi layi, wasu da jakuna, wasu da kekuna. Da suka ji ƙarar injin Landirobar daga bayan itatuwa, suka taso da gudu suna kiran juna, mota ta iso, taki ya iso.